Tsohon Rumbu Da Sabon Rumbu

Akwai wata magana da ta shigo gidajenmu wadda iyayenmu ba su san ta ba. Kwamfutar gida ta fara nauyi, ki kunna ta ki je ki ɗora sanwa ki dawo ba ta gama buɗewa ba, a kai ta wajen mai gyara, shi kuma ya ɗan daddanna ya ce, "Hajiya, rumbun ya tsufa, sai dai a sake sabo." To a nan gizo ke saƙar, domin ba ki san ko gaskiya ya faɗa ba ko kuwa ciniki yake nema. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ga cefane ga kuɗin makaranta. In kin ƙi kuma, a cikin wannan abin hotunan bikinki suke, da na sunan 'ya'yanki tun daga ɗan fari, da lissafin 'yar sana'arki, wata ma hoton mahaifiyarta da ta rasu nan kaɗai ya rage mata.

Abin da nake kira rumbu wani ɗan akwatin ƙarfe ne a cikin kwamfuta, masu gyara kan ce masa had-disk, na laftof bai fi tafin hannu ba, a nan take adana duk abin da aka ba ta. Ni dai a ganina ba a amsa tambayar a sake ko a bari sai an san asalinsa, kamar yadda ba a ba da 'ya sai an binciki gidan da za ta.

Asalinsa Amurka ne, a garin San Hoze na jihar Kalifoniya, a hannun kamfanin IBM. A shekarar 1956 aka fito da shi, wato shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Najeriya aka yi mata hawan daba a Kaduna. Wanda ya jagoranci aikin sunansa Reynold Johnson, kuma da can malamin makaranta ne. Kafin wannan lokaci ofisoshi kan adana lissafinsu a katunan takarda masu huda-huda, ko kuma a kan zare irin na kaset. Wadda ta yi zamanin kaset ta san wahalarsa, in kina neman waƙar da ke tsakiya sai kin yi ta tariyowa kina saurare, wani lokaci da biro ma ake naɗe zaren. Su Johnson suka ce bari a yi shi kamar faifan garmaho, inda za ka ɗauki allura ka ɗora ta daidai wurin da kake so ba sai ka bi ta kan na gaba ba. Na'urar da suka haɗa suka sa mata suna RAMAC.

Ki ji girman abin. Farantai 50 aka jera a tsaye, wani bisa wani, kowanne faɗinsa inci 24, ya kai babban tiren da ake zuba abincin biki. Suna juyawa sau 1,200 a minti ɗaya. Nauyin rumbun ya kai kimanin tan guda, sai da injin ɗaga kaya ake loda shi a jirgi. Duk wannan ƙaton abu haruffa miliyan 5 yake ɗauka, wanda a lissafin yau bai cika megabait 4 ba. Wato hoto ɗaya mai kyau da za ki ɗauka da wayarki yanzu ya isa ya cika shi taf.

Wani abu da ya ba ni dariya a tarihin nan, akwai hannun kayan mata a ciki. Farantan sai an shafe su da wani fenti mai garin tsatsar ƙarfe, domin shi ne ke riƙe maganaɗisu, da maganaɗisun kuma ake rubutun. Fentin ya yi ta yi musu gudaji, sai da suka samo safar mata ta nailan suka tace shi kamar yadda muke tace gasara, sannan suka tsiyaya a kan faranti yana juyawa har ya bazu ko'ina daidai. Manyan injiniyoyi ke nan fa.

Daga nan aka shiga tseren ƙanƙanta shi. A 1973 IBM ɗin dai ya fito da wani samfuri da aka yi wa laƙabi da Winchester, inda aka rufe farantai da allurarsu a mazubi guda don kada ƙura ta shiga, kuma a kan wannan tsari ake tafiya har yau. A 1980 kamfanin Seagate ya yi wanda zai shiga kwamfutar tebur, yana ɗaukar megabait 5, kuɗinsa dala 1,500. Saboda irin wannan tsada, mutane da yawa suka daɗe suna dogara da ɗan faifan nan na roba mai kusurwa huɗu, fulofi, mai megabait 1.44. Waɗanda suka yi hulɗa da shagunan buga takardu a shekarun 1990 sun san shi, a kansa ake sa wa ɗalibi aikinsa na kammala makaranta, a kansa ake sa wa marubuciya littafinta ta jefa a jaka. Yau ina yake? Kamfanin Sony ya daina yin sa a 2011, kuma ko kin tsinci naki a ƙasan akwati, samun kwamfutar da ke da bakin karɓarsa sai an tona.

Babban tsalle ya zo ne daga ɗakin binciken masana. A 1988 wani Bafaranshe, Albert Fert, da wani Bajamushe, Peter Grünberg, kowa a nasa wurin, suka gano wata ɗabi'a ta maganaɗisu wadda ta sa allura ke iya jin alamar da ta fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. IBM ya sa wannan a rumbunsa a 1997, su kuma aka ba su kyautar Nobel a 2007. A wannan shekara ta 2007 ne kamfanin Hitachi ya fito da rumbu mai terabait guda, wato ya ninka na 1956 fiye da sau dubu ɗari biyu, ga shi kuma hannu ɗaya ya ɗauke shi.

To 'yar uwa, a nan nake so ki tsaya ki yi tunani, domin wannan ci gaba da ake yabo shi ne ya jawo mana damuwar da muke ciki. A da in an yi biki mai hoto kan wanko kati-kati, a ba gwaggo, a ba inna, a aika wa yaya da ke aure a wani gari. Ko gobara ta ci album ɗinki, Allah ya kiyaye, za ki zaga dangi ki tattaro rabi. Yanzu kuwa shekara goma sha biyar ta rayuwar gida guda tana cikin abu ɗaya da bai kai sabulun wanki nauyi ba. Rumbun ya ƙara ciki, amma bai daina zama abin da ke lalacewa ba.

Dalili kuwa, har gobe yadda yake aiki bai sake ba. Faranti ne ke wulwulawa, sau 5,400 ko 7,200 a minti, allura kuma tana shawagi a samansa ba ta taɓa shi, iskar juyawar ce ke ɗauke da ita. Tazarar da ke tsakaninsu, silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai. Ranar da yaro ya ja waya laftof ta faɗo tana kunne, allurar kan daki farantin ta kankare shi, abin da ke wurin ya tafi ke nan. Ko ba a faɗi ba, duk abin da ke juyawa yana cinyewa, ko injin markaɗe ne.

Shekara nawa ke nan yake yi? Wannan tambaya an daɗe ana amsa ta da ka, sai da manyan kamfanoni masu tara rumbuna dubbai suka fara ƙirga mushensu. A 2007 ma'aikatan Google suka fitar da bincike a kan rumbuna fiye da 100,000. Kowane rumbu na zamani yana da wani ɗan littafin asibiti a cikinsa da ake kira SMART, inda yake rubuta awoyin da ya yi yana aiki da kuma duk wurin da ya samu matsala. Suka gano cewa rumbun da ya nuna tabo na farko a farantinsa ya fi lafiyayye kusantar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Wannan ya nuna in ya fara ƙorafi a saurare shi. Amma kuma suka gano fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna alamar komai ba, lafiya lau aka kwanta da su. Kin ga ya bambanta da kwanon samira, wanda sai ya ɓantare ya yi baƙi kin gani da idonki kafin ya fara yoyo.

A 2013 wani kamfanin ajiya a Amurka mai suna Backblaze ya fitar da nasa lissafin a kan rumbuna kusan 25,000, kuma shi ne ya fi shiga raina domin ya yi kama da rayuwar ɗan Adam. A shekara ɗaya da rabi na farko, kimanin 5 cikin 100 kan mutu a shekara, waɗannan su ne masu lahani tun daga masana'anta. A shekara ɗaya da rabi na biye mutuwar ta sauka ƙasa da 2 cikin 100. Da suka haura shekara uku sai ta tashi zuwa kusan 12 cikin 100. A jimlace kusan 80 cikin 100 sun kai shekara huɗu da ransu. Wato akwai laulayin jarirai, akwai ƙarfin ƙuruciya, akwai tsufa. Sai dai ki lura, nasu dare da rana suke aiki, amma a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Namu ba ya aiki haka, amma yana shan zafin bazara da ƙurar hunturu da ɗauke wuta ba sallama da hannun yara.

Abin da wannan lissafi ya koya mini shi ne, sabo ba shi ne lafiyayye ba. Rumbun da ya shekara biyu yana aiki ba ƙorafi ya fi wanda aka ɓare daga kwali jiya tabbas. Tarihi ma ya nuna haka. A shekarar 2000 IBM, wanda shi ya ƙirƙiro abin tun farko, ya fito da wani samfuri mai suna Deskstar 75GXP, aka yi ta rububinsa saboda sauri, sai ga shi yana ta mutuwa a hannun mutane har aka maka kamfanin a kotu a 2001. Ba a jima ba IBM ya sayar wa Hitachi wannan sashe na kasuwancinsa ya fita daga harkar. Kamfanoni fiye da 200 ne suka taɓa ƙera rumbu, manya suka yi ta haɗiye ƙanana har suka koma uku, Seagate da Western Digital da Toshiba. Da ambaliya ta ci masana'antu a Tailan a ƙarshen 2011, farashi ya kusa ninkawa a duniya, wanda nasa ya mutu a lokacin ya ji a aljihunsa.

Akwai kuma wata gaskiya tamu ta nan gida. Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na gwanjo ne, sun gama aiki a wani ofis a Turai ko Amurka kafin su iso. Ke kina lissafin shekara biyu da saye, shi kuwa rumbun ya san ya kai takwas. Wanda za a ce miki sabo ma, wani lokaci daga cikin wata kwamfutar aka ciro shi. Shi ya sa littafin asibitin nan ke da amfani, kowane mai gyara na ƙwarai yana iya buɗe shi a gabanki cikin minti biyu. Shekara guda awa 8,760 ce, sai ki duba awoyin da ya rubuta ki yi lissafi da kanki.

Yanzu mai gyara zai fi yi miki tallan wani iri da ake kira SSD. Shi ba faranti ba allura, ɗan'uwan filash da memorin waya ne. Wani injiniyan Toshiba a Japan, Fujio Masuoka, shi ya ƙirƙiro tushensa a shekarun 1980, kuma bawan Allahn nan sai da ya kai kamfanin ƙara kafin a 2006 aka sasanta aka biya shi yen miliyan 87. A 1991 kamfanin da aka fi sani da SanDisk ya yi mai megabait 20 a kan dala kusan 1,000, yau kuwa ya yi araha har yawancin sababbin laftof da shi suke zuwa. Gaskiya yana da daɗi, kwamfutar da ta tsufa in an sa mata shi sai ta koma kamar amarya, ba ƙara, ba ya tsoron jijjiga. In nauyin kwamfuta ne kawai damuwarki, wannan canji ya cancanci kuɗinsa. Amma yana da nasa hali. Tsohon rumbu kan yi ƙas-ƙas ko ya riƙa tsayawa kafin ya cika, shi kuwa wannan sau da yawa ɗif yake yi, kuma ciro abu daga mushensa ya fi wuya. Sannan da 'yar wutar da ya riƙe a cikinsa yake tuna abin da aka ba shi, in aka jefa shi a akwati shekara da shekaru ba a jona shi ba tana iya zurarewa. Ba abin da za ki ajiye wa jikoki ba ne kamar sarƙar gwal.

Bari in ba ki labarin wata mai jego, domin shi ne ya fi duk waɗannan alƙaluma bayyana inda maganar take. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka yana tsakiyar haɗa fim ɗin yara mai suna Toy Story 2, sai wani ma'aikaci ya ba kwamfuta umarnin gogewa a inda bai kamata ba. Suna kallo kayan 'yan wasan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a zare waya kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Suka ce ba komai, ai akwai ajiya ta biyu. Da aka ɗauko ta sai aka tarar ta daɗe da samun matsala ba wanda ya duba. Ana cikin wannan jimami sai wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, ta tuna cewa tun da ta haihu take aiki daga gida, saboda haka akwai kwafin fim ɗin a kwamfutar ɗakinta. Aka je aka naɗe kwamfutar da barguna, aka ɗaure ta da bel a kujerar mota kamar jaririya, aka taho da ita a hankali. Da wannan kwafi aka farfaɗo da aikin. Ki duba fa, kamfani mai injuna na miliyoyin daloli, ba sabunta ko tsadar kayansa ce ta cece shi ba, kwafi ne da ke wani gida daban.

Saboda haka in aka tambaye ni a sake ko a bari, nakan ce kafin wannan akwai wata tambaya, abin da ke ciki yana da na biyu? In babu, to ko rumbun jiya aka saye shi kina kan siraɗi. Kuɗin da za ki fara kashewa na rumbun waje ne, wanda ake jonawa da 'yar waya, a kwafe hotuna da takardu a kai, ki buɗe su da idonki ki tabbatar sun kwafu, kada a yi irin ta Pixar. Sannan kada ya kwana a jaka ɗaya da laftof ɗin, domin ɓarawo da gobara ba sa tsincewa. Ki kai shi gidanku ko gidan yayarki, duk bayan 'yan watanni a ɗauko a ƙara sababbi. Mafi soyuwa a ranki kuma, ɗora su a ajiyar intanet in kina da hali, ki kuma wanko goma ko ashirin a kati kamar da, takarda ba ta neman caji.

In an yi wannan, sauran magana mai sauƙi ce. Rumbun da ya fara ƙara, ko yake ɓatar da hotuna, ko littafinsa ya nuna tabo, kada ki jira albashi, a kwafe yau a sake shi, kuma a daina kunna shi barkatai domin kowace kunnawa tana rage masa kwana. Wanda ya haura shekara biyar yana aiki, ko bai yi ƙorafi ba ni dai ba zan ƙara ba shi amanar abin da ba shi da na biyu ba, sai a fara tanadin magajinsa cikin natsuwa. Wanda kuwa bai kai nan ba, lafiyarsa ƙalau, wuri bai ƙare ba, a bar shi ya ci gaba da aikinsa. In an sa sabon ma kada a yi gaggawar rabuwa da tsohon, a ajiye shi da kayansa wata uku ko fiye har sabon ya wuce laulayinsa. Ba a ganin hadari a zubar da ruwan randa.

Saura abu ɗaya, kuma mu mata ya fi shafa. Tsohon rumbun da aka cire, ki ce a miƙo miki shi a hannu, kada a bar shi a shago da sunan ai ya mutu, kada kuma a yi musaya da shi don ragin kuɗi. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka fitar da sakamakon rumbuna 158 da suka saya na hannu. Guda 129 suna aiki, amma 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A sauran sun tono lambobin katin banki fiye da 5,000, da bayanan asibiti, da wasiƙun mutane na sirri. Dalili shi ne, in kin goge hoto kwamfuta sunansa kawai take cirewa daga jeri, shi yana nan kwance sai an rubuta wani abu a kansa. Hotunan kamu da na lalle da na cikin ɗaki, waɗanda aka ɗauka ba mayafi don ke da maigida da 'yan uwa mata, mai ɗan wayo yana iya dawo da su. In za a ba wani rumbun, a sa wanda kika amince da shi ya bi shi da rubutu daga farko har ƙarshe, ba gogewar sama-sama ba. In kuwa ya gama amfani kuma kin tabbatar kayanki sun koma wani wuri, a kwance murfin a sa masa guduma. A rufe shi da tsumma kafin a buga saboda ido, domin na laftof da yawa farantinsu gilashi ne.